Kalmar "Veto" da Kujerar Na-ƙi: A Bambanta Mai Ƙi da Mai Hani

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata kalma guda ta harshen Latin, wadda ta daɗe da shigowa labaranmu sanye da rigar Hausa, har yawancinmu ba mu san baƙuwa ce ba. Kalmar ita ce "veto", wadda 'yan jaridarmu suka saba fassarawa da "hawa kujerar na-ƙi". Ni tsohon malamin makaranta ne da ya koyar da harshe shekaru masu yawa kafin ya ajiye alli, kuma ɗan abin da na sani na Latin da girma na tsince shi, daga littattafan nahawu, saboda sha'awar sanin asalin kalmomin shari'a da na siyasa.

Abin da ya tayar da maganar ya faru ne a azumin 2024. Ranar 25 ga Maris na wannan shekara, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2728, wanda ya nemi a tsagaita wuta a Gaza cikin watan Ramadan; ƙasashe 14 suka amince, Amurka kuwa ta ƙaurace wa ƙuri'ar. A daren nan, bayan mun taso daga asham muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida a Mabera, wani yaro cikin 'ya'yanmu ya karanto mana daga wayarsa cewa Amurka ta hau kujerar na-ƙi amma ƙuduri ya wuce. Wani dattijo da ya fi mu duka daɗewa yana sauraron rediyo ya ce masa, "Yaro, sake dubawa, domin tun ina saurayi ban taɓa jin an hau wannan kujera kuma magana ta wuce ba." Dattijon ne ke da gaskiya. Makonni uku da 'yan kwanaki bayan haka, ranar 18 ga Afrilu, aka kawo batun ba Falasɗinu cikakkiyar kujera a Majalisar. Ƙasashe 12 suka amince, Birtaniya da Suwizalan suka ƙaurace, Amurka ta kaɗa ƙuri'ar ƙin yarda, magana ta mutu nan take. Wannan karon ma da "kujerar na-ƙi" aka ba mu labarin. Abu biyu masu hannun riga, ɗaya ya bar ƙofa buɗe ɗaya ya rufe ta, amma Bahaushen da ke saurare ya ji su da lafazi guda.

A Latin, "veto" aikatau ne, kuma shi kaɗansa cikakkiyar jimla ce. Harshen yana sanya mai aikata aiki a ƙarshen kalma ta hanyar ɗafa-ƙeya, saɓanin Hausa da ke sanya wakilin suna a gaba. Don haka "veto" na nufin ni nake hanawa, "vetas" kai kake hanawa, "vetat" shi ko ita, "vetamus" mu, "vetatis" ku, "vetant" su. Wasalin ƙarshe na "veto" shi ne ke ɗauke da "ni". Sunan aikin shi ne "vetare", wato hanawa. Idan aikin ya shuɗe a ce "vetui", abin da aka hana kuma a kira shi "vetitum". Ɗalibai kan yi tuntuɓe a kan "vetui", domin 'yan'uwansa na rukuni ɗaya, irin su "amare" mai ma'anar so, suna yin shuɗaɗɗen lokacinsu da "amavi", shi kuwa ya bi tasa hanyar. Wani abin da zai ba Bahaushe sha'awa shi ne furucin. Mu da ba mu da harafin farko na kalmar a bakinmu mukan ce "bito", muna bin Turawan Ingila, alhali Rumawan zamanin da da sautin "w" suke furta wannan harafi, wato kusan "weto" suke cewa, wanda ya fi mana sauƙi nesa ba kusa ba.

Yadda ake gina jimla da shi ne ke fito da ma'anarsa fili. Aikatau ne da ke neman mutum biyu: mai hanawa da wanda ake hanawa, sa'an nan aikin da aka tare. Barume zai ce "veto te ire", kalma bayan kalma "na hana ka tafiya". Zai ce "lex vetat", doka ta hana. Abokin tafiyarsa a bakin lauyoyinsu shi ne "iubere", yin umarni, kuma sukan jera su biyun kamar yadda mu a nan Sakkwato muke jera umarni da hani in muna maganar umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Idan kuwa Barume yana son ya ce ba ya so, ko ba zai yi ba, yana da wasu kalmomin: "nolo", wadda aka haɗa daga korewa da "volo" mai ma'anar ina so, da kuma "recuso", na ƙi karɓa. Ke nan "na ƙi" ɗinmu ya fi kusa da "nolo" da "recuso", "veto" kuwa "na hana" ne.

Bambancin ba ƙarami ba ne, kuma kowane Bahaushe ya san shi ko bai taɓa shiga aji ba. Mai cewa "na ƙi" kansa yake magana a kai: ya janye hannunsa, amma sauran jama'a suna iya ci gaba ba da shi ba. Yaro yana iya ƙin cin tuwo, gida kuma ya ci ya ƙoshi. Mai cewa "na hana" hannun wasu yake riƙewa, kuma ba ya faɗin haka sai yana da iko a kansu. In maigida ya hana a ɗora tukunya, babu mai cin tuwon. Almajiran da suka yi nahawun Larabci a zaurukan garin nan za su tuna cewa malamai suna raba "la" gida biyu, ta korewa da ta hani, kuma wanda ya cakuɗa su ya ɓata i'irabi ya ɓata ma'ana. Irin wannan rabon nake roƙon a yi a nan.

Akwai kuma tambayar da wani abokina malamin Hausa ya yi mini: tun da "veto" lokaci mai ci ne a Latin, me ya sa nake fassara shi da "na hana" maimakon "ina hanawa"? Amsar ita ce wannan yana cikin maganganun da faɗinsu shi ne aikata su. Hausa tana yin irin waɗannan da shuɗaɗɗen lokaci: mai saye ya ce "na saya", mai sayarwa ya ce "na sallama", waliyyi ya ce "na ba da", wakilin ango ya ce "na karɓa", kuma a daidai lokacin da kalmar ta fita aikin ya tabbata. Malaman fiƙihu sun san wannan a babin ciniki da na aure. Latin na yin abin da lokaci mai ci, mu muna yi da shuɗaɗɗe, amma nauyin ɗaya ne.

Dole in yaba wa wanda ya fara ɗora "kujerar na-ƙi" a kan wannan ma'ana, ko wane ne shi, domin ya kama wani abu da Turanci ya saki. Turawa sun mayar da "veto" suna, har mai magana da harshensu ba ya jin "ni" a cikinta, shi kuwa mai fassararmu ya dawo da mutum na farko da "na" ɗinsa. Hausa dama gwana ce wajen mayar da jimla suna, kamar ka-ce-na-ce da ba-ni-in-ba-ka. Latin ma ta ba duniya irin waɗannan da yawa: "credo" na nufin na yi imani, "mandamus" da lauyoyinmu ke nema a kotu na nufin mun umarta, kuma bidiyon da yaranmu ke kallo a waya siffarsa ɗaya da "video", ina gani. Matsalar "kujerar na-ƙi" ita ce tun kafin a kai ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ma'anarta a gida, wato taurin kai da kafewa. Mukan ce amarya ta hau kujerar na-ƙi, ko ƙungiyar ma'aikata ta hau kujerar na-ƙi, kuma babu ɗayansu da ke da ikon rushe hukuncin kowa. Da wannan faɗin ma'ana ne ɗan jarida mai gaggawa ke jefa duk wani ƙin yarda cikin buhu guda.

Tarihin kalmar ya nuna cewa tun asali maganar iko ce. Bisa abin da marubutan Rum suka ruwaito, a shekara ta 494 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) talakawan birnin, waɗanda bashi da zaluncin masu mulki suka isa, sun yi ƙaura suka fita bayan gari suka ƙi komawa, har sai da manya suka yarda a naɗa musu wakilai nasu na kansu, waɗanda ake kira "tribuni plebis". Daga baya yawansu ya tsaya a goma, ana zaɓensu shekara-shekara. Talakawa sun yi rantsuwa cewa duk wanda ya taɓa jikin wakilinsu jininsa ya halatta, kuma da wannan kariya ce wakili ke iya tsayawa tsakanin mai mulki da talakan da ake shirin kamawa ko duka, har daga baya ya kai ga tsayar da hukuncin majalisar dattawa da dokar da ake shirin zartarwa. Ikon yana aiki ne a cikin birni da ɗan abin da ke kewaye da shi, kuma sai wakili ya zo da ƙafarsa, shi ya sa aka wajabta masa barin ƙofar gidansa buɗe dare da rana. Sunan da shari'arsu ta ba wannan aiki shi ne "intercessio", daga "inter" tsakani da "cedere" tafiya, wato shiga tsakani. "Veto" lafazin baki ne, kuma marubucin tarihinsu Libiyus ya sanya shi a bakin wakilan talakawa a labarin rikicin ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Su kansu Rumawa sun ga yadda makamin ke juyewa. A shekara ta 133 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wakilin talakawa Tiberiyus Girakus ya kawo dokar raba filayen gwamnati ga marasa gona, sai abokin aikinsa Markus Oktabiyus, wanda ke tare da masu manyan gonaki, ya hana. Girakus ya sa jama'a suka tsige shi da ƙuri'a, abin da ba a saba gani ba, doka ta wuce, amma kafin shekarar ta ƙare an kashe Girakus. A farkon shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) kuma wakilin talakawa Markus Antoniyus da wani abokin aikinsa suka hana hukuncin da majalisar dattawa ta yanke a kan jagoran yaƙi Yuliyus Kaisar, aka yi watsi da haninsu, suka gudu wurinsa, shi kuwa ya riƙe wannan hujja ya ƙetare kogin Rubikon da rundunarsa. A shekara ta 23 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Agustus, wanda ke mulkin daular Rum, ya karɓi ikon wakilan talakawa ya haɗa da nasa, kuma daga nan sarki ne ke riƙe da sandar da aka sassaƙa domin a tare sarakuna. Duk lokacin da na ji labarin Kwamitin Sulhu wannan ne ke faɗo mini a rai, domin a can ma ƙasashe biyar mafiya ƙarfi a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ne ke riƙe da ita.

Mutane da yawa za su yi mamakin jin cewa kalmar "veto" ba ta cikin Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka rattaba wa hannu a San Faransisko ranar 26 ga Yunin 1945. Abin da sashe na 27 ya ce shi ne, a duk al'amarin da ba na tsarin zama ba, ƙuduri na bukatar ƙuri'u tara cikin 15, ciki har da amincewar masu kujerar dindindin, wato Amurka da Birtaniya da Faransa da Rasha da Sin. Kafin gyaran da ya fara aiki a 1965 kujerun 11 ne, ƙuri'un da ake bukata bakwai. Tarayyar Sobiyet ce ta fara amfani da wannan iko a watan Fabrairun 1946, kan batun janye sojojin Birtaniya da Faransa daga Siriya da Labanan. Amurka ba ta yi ba sai a 1970, kan Rodeshiya ta Kudu, wadda ita ce Zimbabuwe a yau. Birtaniya da Faransa kuwa rabonsu da shi tun Disambar 1989.

Daga wannan sashe ne ake gane inda fassararmu ke zamewa. Al'adar Kwamitin tun farkon kafuwarsa ita ce ƙaurace wa ƙuri'a ba ya kashe ƙuduri, shi ya sa ƙuduri mai lamba 1973 kan Libiya ya wuce a 2011 da ƙuri'u goma, har da ta Nijeriya, duk da Rasha da Sin sun ƙaurace. Ƙasar da ba ta da kujerar dindindin kuma tana iya cewa a'a da babbar murya, amma ƙuri'arta ɗaya ce cikin 15. Nijeriya ta zauna a Kwamitin sau biyar, na farko a 1966 da 1967, na baya-bayan nan a 2014 da 2015, kuma ba ta taɓa samun ikon hana komai ita kaɗai ba. A Babban Zauren Majalisar, mai ƙasashe 193, babu wanda ke da wannan iko ko kaɗan: kusan kowace shekara tun 1992 ana zartar da ƙudurin neman a ɗage wa Kuba takunkumi, Amurka tana ƙin yarda, ƙuduri yana wucewa. A waɗannan wurare duka "ta ƙi" ko "ta ƙaurace" ya isa. Ko mai kujerar dindindin ma, in ƙuduri bai kai ƙuri'u tara ba, rashin ƙuri'a ne ya kashe shi, ba a lissafa shi cikin hani.

A gida kuwa al'amarin ya juya, kuma nan ne na fi ganin abin lura. Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 58, ya ba Shugaban Ƙasa kwana 30 ya rattaba hannu a kan dokar da Majalisar Tarayya ta kawo masa ko ya bayyana cewa ba zai rattaba ba. In ya ƙi, Majalisar Dattawa da ta Wakilai suka sake zartar da ita da rinjayen kashi biyu cikin uku kowacce, ta zama doka ba tare da hannunsa ba. Sashe na 100 ya tanadi irin wannan tsakanin gwamna da majalisar jiha, har da tamu ta Sakkwato. An gani a aikace a shekara ta 2000, lokacin da Majalisar Tarayya ta zartar da dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta bayan Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙi sa hannu. An kuma ga ɗaya ɓangaren a Disambar 2021, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu a gyaran dokar zaɓe saboda batun zaɓen fidda gwani na 'yar tinƙe. Majalisa ta gyara, ya rattaba a Fabrairun 2022. Jaridun Turanci suna kiran wannan da "veto", amma a gaskiya "na ƙi" ne tsantsa, domin shugaba hannunsa kawai ya janye, kuma akwai hanyar wuce shi. Ke nan karin maganarmu ya fi dacewa da Abuja fiye da Niyok, mazaunin Majalisar Ɗinkin Duniya, alhali a Niyok muka fi amfani da shi.

Ban ce a tumɓuke "kujerar na-ƙi" daga bakin mutane ba. Ta riga ta kama ƙasa, masu sauraro sun saba da ita, kuma wanda ya yi yaƙi da abin da jama'a suka saba faɗa wahala kawai zai sha. Roƙona, Malam Edita, shi ne jaridarka ta keɓe ta, in ana labarin Kwamitin Sulhu, ga hali ɗaya tak: lokacin da ɗaya daga cikin ƙasashen nan biyar ta kaɗa ƙuri'ar a'a a kan ƙudurin da ya riga ya sami ƙuri'u tara. Kuma a jimlar da ke biye a fito da aikatau na gaskiya, a ce ta hana ƙudurin wucewa, domin mai karatu ya san magana ta mutu. Inda ake bukatar suna, kamar a labarin matsayar Ezulwini ta 2005, wadda a cikinta Tarayyar Afirka ta nemi kujerun dindindin biyu da dukan haƙƙoƙinsu, "ikon hani" ya fi "ikon hawa kujerar na-ƙi" gajarta da daidaito, domin abin da Afirka ke nema shi ne ikon riƙe hannun wasu; damar ƙin yarda kuwa tana da ita tun ranar da ƙasashenta suka shiga Majalisar. Haka kuma tun Afrilun 2022 Babban Zaure ya yanke cewa duk lokacin da aka yi amfani da wannan iko zai zauna cikin kwana goma na aiki ya tattauna batun, saboda haka labaran da ke bukatar wannan kalma sai ƙaruwa za su yi.

Zan yi murna in malaman Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran masana fassara su duba wannan shawara, su gyara mini inda na karkace, ko su kawo lafazin da ya fi nawa zama a baki. Dattijon majalisarmu dai ya riga ya yanke nasa hukuncin: yanzu duk yaron da ya karanto mana cewa wata ƙasa ta hau kujerar na-ƙi, sai ya tsayar da shi ya tambaye shi ko ƙudurin ya wuce ko bai wuce ba, kafin ya bar shi ya ci gaba.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin makaranta,
Mabera, Sakkwato.